Bangon da Shehu Baduku Bai Gani Ba

Na san Malam Shehu Baduku tun shekarar 1998, ranar da matata Winifred ta ba ni jakarta in kai kasuwar Sabon Gari a gyara mata hannu. Ni, Martin, akawu ne a wani ofis a Samaru, a can kuma nake zaune. Abin da zan faɗa a nan, wani da idona na gani, wani daga bakinsa na ji, wani kuma daga bakin maƙwabciyarsa Tabitha. Zan riƙa nuna wanne ne wanne.

Rumfarsa tana can ƙarshen layin masu takalma. A lokacin ya haura hamsin, siriri ne, ba ya son dogon zance, kuma ko ana gaisawa idonsa yana kan fatar da ke cinyarsa. Ba gadon dukanci ya yi ta wajen uba ba. Ubansa, Tanimu, magini ne, irin waɗanda in sun gama ɗaga soro sai su bi fuskar gidan da zane, suna tayar da laka da hannu tun tana ɗanya. Shehu ya taso a daidai lokacin da bulo da siminti suka fara cin kasuwa, sai uban ya miƙa shi wajen kawunsa baduku, ya ce ya koyi abin da ruwan sama ba ya wankewa. Wajen kawun ya koyi yanka, da rini da karan dafi, da ɗinki. Sun yi kube, sun yi tufafin laya da gafaka. Bayan kawun ya rasu ne ya koma jakar mata, don ita ake nema.

Jakarsa ba ta kama da ta kowa a layin. Murfinta lanƙwashe yake kamar bakan gizon da ke riƙe rufin soro. Kusurwoyin sama biyu yana ɗan tsayar da su, su yi tsini kamar zankwayen da ke kan gini. Zanen gaba kuwa ba fenti ba ne. Igiya yake murzawa, ya shimfiɗa ta yadda yake so a kan kwali, ya rufa jiƙaƙƙiyar fatar akuya a kai, ya yi ta dannawa da ƙashi mai santsi har zanen ya taso tudu-tudu. In ta bushe, ka shafa da hannu, sai ka ji kamar ka shafa fuskar tsohon gida. Duk zanen da yake sawa daga bangayen ubansa ya ɗauko shi. Ya gaya mini cewa shekara da shekaru, in an sauko daga Juma'a, yakan hau keke ya zaga Tudun Wada da Sabon Gari har Dogarawa, ya tsaya gaban gidajen da uban ya yi, ya kalla, ya dawo ya murza igiya.

Fata ko ta jimu da kyau ba ta rasa ɗan wari, kuma matar da za ta riƙe jaka zuwa biki ba ta son wannan. Nan Tabitha ta shigo. Rumfarta ce ke jingine da tasa, turaren wuta da humra take haɗawa. Ta koya a Maiduguri wajen wata maƙwabciyarta, lokacin da mijinta yake aikin jirgin ƙasa a can. Da ya rasu ta dawo Zariya da 'yarta Diana. Duk jakar da Shehu ya gama, sai ta wuce wajenta, ta kifa mata kwando a kan kasko, hayaƙi ya shige ta ciki da waje kafin a rataye.

"Baduku, miƙo ta nan, kada ka kore mini mutane da warin akuya," haka take cewa.

"Maman Diana, akuyar nan ce ke sayar miki da hayaƙi."

Iyakar hirarsu ke nan galibi, kuma sun daɗe a haka.

Zuwa shekarar 2003 babu bangon Tanimu ko ɗaya da ya rage a waje. Wasu an shafe su da siminti, wasu an rushe an yi shaguna. Saura guda, shi kuma ba a waje yake ba. A unguwarmu a Samaru, bayan gidana kaɗan, akwai gidan wani Alhaji mai sayar da hatsi. Da zai auri matarsa Hajiya Aishatu, Tanimu ya gina mata ɗaki, ya yi zane a bangon ciki, wanda ke fuskantar ƙofa. Uban ya sha gaya wa Shehu cewa a duk aikinsa babu wanda ya kai wannan. Shehu bai taɓa ganinsa ba, don ɗakin matar aure ne a cikin gida. Ya taɓa roƙon Alhaji sau ɗaya, Alhaji ya ce, "In sha Allahu wata rana." Kunya ta hana shi maimaitawa, shi kuma Alhaji bai sake tayar da zancen ba.

A watan Mayu na 2004 Alhaji ya rasu. Ni na kai wa Shehu labari, muka je gaisuwa tare. Da mutane suka ragu a ƙofar gida, ya matsa kusa da babban ɗan mamacin, Suhail, wanda yake aiki a Kaduna, ya faɗi buƙatarsa a taƙaice.

"Baba, ai wannan ba wani abu ba ne," in ji Suhail. "Amma ka san Hajiya ta shiga takaba, kuma ta ce a ɗakinta za ta yi. In ta fita, ka zo ka kalla har ka gaji. Daga nan za mu sauke shi, ɗakunan ɗalibai zan yi a wurin."

"Yaushe ke nan?"

"Ƙarshen Satumba. In ɗakin ya kai. Ya tsage ta baya, rufin ma yana yoyo. Na yi na yi ta koma ɗayan ɗakin, ta ƙi."

Takaba wata huɗu ce da kwana goma, kuma a cikinta namijin da ba muharrami ba ba ya shiga wajen mai yin ta. Wannan karon ta faɗo daidai da damina daga farkonta zuwa ƙarshenta. Abin da ya rage shi ne ko bangon zai jira.

Bayan ɗakin yana kan lungun da nake bi zuwa aiki, don haka ni na zama mai kai rahoto. Duk Asabar in na shiga kasuwa, kafin in zauna zai tambaya. A watan Yuni tsagar ba ta fi kaurin tsinke ba. A farkon Yuli yatsa yana shiga. Indararon ya karye, ruwa yana bin jikin ginin yana cin gindinsa. Shehu ya zo wata Lahadi da izinin Suhail, ya kwaɓa ƙasa ya cike tsagar daga waje, ya jingina katako. Rufin ne ke buƙatar gyara, amma wanda ya hau rufin zai ga tsakar gida, don haka bai hau ba. Ruwa biyu aka yi yaɓen nasa ya zube. Shi ɗan magini ne, ba magini ba.

Suhail ya yi nasa ƙoƙarin. Da ya zo ƙarshen wata ya shiga da kyamara ya ɗauki bangon, aka wanko hoton. Na gan shi. Rabinsa kabet ɗin kwanukan Hajiya ne, wanda ya rufe yawancin bangon, rabinsa kuma fari fat, don an yi shekaru ana shafa wa ɗakin farar ƙasa, hasken kyamara ya haɗiye tudu da kwari. Suhail ya koma Kaduna yana ganin ya fita hakki.

Daga nan Shehu ya kawo dabarar sana'arsa. In aka jiƙa fata ta yi laushi, aka manna a kan zanen aka danna da tafin hannu, za ta ɗauko siffarsa. Amma sai mace ta shiga, sai an janye kabet, sai kuma Hajiya ta yarda. Tabitha ta ce za ta je. Ya ce ba za ta je hannu sake ba. Ya ɗinka baƙar jaka, ba zane, ba zoben ƙarfe, wadda tsohuwa za ta iya zuba carbi da magani. Ya san mai takaba ba ta ado kuma ba ta taɓa turare, ya kuma faɗa a gabana.

"Maman Diana, wannan kada ta ga kasko."

"Na ji. Ni ma a garin nan aka haife ni."

Ba ta turara ta ba. Ta dai ajiye ta a rumfarta zuwa washegari, ta naɗe ta a ɗaya daga cikin mayafanta, ta hau bas zuwa Samaru. Kafin ta tafi Shehu ya ɗauki ƙunshin ya shinshina, ya ce babu komai. Ita ma ta shinshina hannun rigarta, ta ce babu komai. Mutum biyu da suka shekara goma sha suna zaune cikin hayaƙi ɗaya, hancinsu ya daina jin sa tuntuni.

Abin da ya biyo baya daga bakinta na ji. Ta yi sallama ta wuce zaure, ba ta kai tsakiyar gida ba 'yar Hajiya, Naila, ta taso ta tare ta.

"Mama, lafiya? Gidan takaba ne fa."

"Na sani, 'yata. Gaisuwa na kawo, da ɗan saƙo."

Wata gwaggon Naila da ke zaune a kan tabarma ta toshe hanci da gefen mayafi. "Gaisuwa da wannan ƙamshin? Ko gidan amarya aka ce miki?"

"Wallahi ban shafa komai ba."

"Ba ki shafa ba? To da kin shafa sai unguwar ta tashi."

Naila ta karɓi ƙunshin ta buɗe, ƙamshin humra ya ƙara tashi. Gwaggon ta ce a fitar da shi kafin ya shiga ɗaki ya kama kayan Hajiya. Aka mayar wa Tabitha jakarta, aka raka ta zaure da ladabi, ba ta ko ga fuskar Hajiya ba. Ta biyo ta gidana ranta a ɓace. Winifred ta ce mata gaskiya tun tana ƙofar gida ta san ita ce.

Da Shehu ya ji, sai ya rataye baƙar jakar a bayan rumfa. Aka shiga Agusta, marka ta sauka, wani lokacin a wuni ana ruwa. Tsagar ta kai hannuna yana shiga har wuyan hannu, kuma saman bangon ya fara karkatowa ta lungu. Mutane suka koma bin ɗaya gefen.

Tabitha ce ta yanke shawara da kanta. Ta rufe rumfarta, ta zo Samaru ta sauka a gidanmu ba ta ɗauko ko ɗankwali nata ba. Ta tsefe kai, Winifred ta wanke mata shi da sabulun salo. Ta sa tufafin Winifred, waɗanda suka yi mata tsawo. Kowace safiya sai ta miƙa hannu da wuya, Winifred ta shinshina.

"Yau fa?"

"Da saura."

"Ke dai kina son mai yi miki wanke-wanke ne."

"Ki tambayi Martin in ba ki yarda ba."

Na ce ni ba na cikin wannan shari'ar. Sai da aka kusa mako kafin Winifred ta ce yanzu ba ta jin komai sai sabulu. Ita ce kuma ta fara shiga gidan, a matsayinta na maƙwabciya, ta yi wa Naila bayani, ta ba da haƙuri. Naila ta kai maganar ɗaki. Hajiya ta ce a shigo da ita.

Shehu ya kawo fatu biyu a bokiti, jiƙaƙƙu, marasa rini. Ni da shi muka zauna a kan dakalin ƙofar gidana, ana yayyafi. Tabitha da Winifred suka shiga.

Abin da ya faru a ciki daga bakin Tabitha na ji. Sun tarar da Hajiya zaune a kan tabarma, da robobi a wurare uku suna tarar yoyo. Bayan gaisuwa ta ce, "Ɗan Tanimu ne ya aiko ku? Yana nan ashe. Ubansa mutum ne mai taurin kai. Alhaji ya ce a yi sauri ga biki ya matso, shi kuwa ya rufe ƙofa ya ce ba mai shiga sai ya gama. Sai da aka ɗaga tarewa."

"Hajiya, shi ma ɗan haka yake," in ji Tabitha.

"To ku janye. Ku yi a hankali da tangaran ɗina."

Suka sauke kwanuka, su uku da Naila suka ja kabet. Bangon bayansa ya jiƙe, farar ƙasar ta yi dabbare-dabbare. Tabitha ta manna fatar farko daidai ƙirjinta, Winifred ta riƙe gefe, ita kuma ta bi da tafin hannu da yatsu tana dannawa kamar yadda Shehu ya nuna mata. Suka ɗaga a hankali, zanen ya fito. Ta hau kujera da fata ta biyu don ta ɗauko na sama. Nan ruwa ya fi shiga. Tana dannawa ta ji wurin ya lotsa. Da suka ɗaga, zanen ya biyo fatar, laka ta ɓantalo da faɗin faranti, sauran ya zubo ƙasa, ƙasa kuma ta fara tsiyayowa daga tsakanin azara.

"Ya isa," in ji Hajiya. Ta daɗe tana kallon ramin. Sannan ta ce wa Naila, "Kwashe mini shimfiɗa ki kai ɗakin can."

Abin da Suhail ya yi wata uku yana roƙo ke nan. A ranar ta koma ɗayan ɗakin.

Suka fito da fatun a shimfiɗe a kan faifai. Shehu ya karɓi ta farko ya juya ta wajen haske. Layukan sun fi na bangayen waje sirantaka nesa ba kusa ba, suna shiga ƙarƙashin juna suna fita, wasu biyu sun miƙe sama sun ƙare a bakin fatar. Ya duba ta biyun, babu komai sai laka da farar ƙasa.

"Saman fa? Mene ne a saman?"

"Kamar ganye," in ji Tabitha. "Ko fuka-fuki."

"Ganye ko fuka-fuki?"

"Baduku, rufi nake kallo kada ya faɗo mini a ka."

"Kin tsaya gabansa da idonki biyu, Maman Diana."

"To da ka ba ni naka in tafi da su."

Ya tambayi Winifred, ta ce ita fatar take riƙe da ita, kanta a sunkuye. Ya tattara kayansa ya tafi tasha bai yi wa kowa godiya ba. Tabitha ta koma Sabon Gari washegari cikin tufafin Winifred. An ce mini sun yi kwanaki ba sa magana, jakunkuna suna taruwa ba a turara ba, har ranar da ya aika mata da ƙosai da kunu ta hannun mai shayi, ita kuma ta miƙo hannu ta ɗebi jakunkunan.

Bangon ya faɗi a makon ƙarshe na Agusta, da rana tsaka, ina ofis. Ta lungu ya zubo, bai taɓa kowa ba. Na aika masa, ya zo da la'asar. Ya tsaya a gefen tarin ƙasar, ya juya 'yan gutsattsari da ƙafa. Duk ya narke. Bai daɗe ba ya ce zai koma kafin ruwa ya sake saukowa.

Da Hajiya ta fita takaba, ya zo ya gaishe ta a zaure, ina tare da shi. Ya yi mata ta'aziyyar da bai samu ya yi ba, ya yi godiya, sannan ya tambaye ta abin da ke saman bangon.

"Ɗan nan, tun haihuwar Suhail aka sa kabet a wurin," in ji ta. "Na san dai yana da kyau. Ranar da aka kawo ni mata sun fi kallonsa da kallona. Amma in ce maka ga yadda yake, zan yi ƙarya."

Ya tambayi Naila, ta ce ita ranar nan ce farkon ganinta da shi, kuma hankalinta yana kan kwanuka.

Ya ɗauki tsawon ranin nan yana aiki a kan abin da ya samu. Ya gwada ƙarasa saman da kansa sau da yawa, da ganye, da fuka-fuki, da dagi, yana murza igiya yana warwarewa. Na ga wasu daga cikin gwajin, ni a idona suna da kyau. Ya ce ba haka ba ne, kuma bai san yadda yake ba, ya dai san ba haka ba ne. A ƙarshe ya sa guntun kamar yadda ya zo, da igiya siririya wadda sai da ya sake koyon murza ta, ya bar layukan nan biyu suka miƙe suka fita ta bakin murfi.

Wata 'yar kasuwa mai suna Adenike, wadda take ɗaukar kayansa zuwa Legas, ta juya jakar a hannu ta ce zanen ya karkace, kamar an yanke shi, ya daidaita mata shi a tsakiya. Ya ce iyakar abin da ke akwai ke nan. Ta ɗauki kaɗan, da ta dawo ta ce sun fi sauran daɗewa a kanti. Har zuwa 2008, lokacin da nake wannan rubutu, yana yin irinta biyu ko uku a shekara, ko an nema ko ba a nema ba.